Tambayoyi da Amsoshi Kan Tara Kayan Resilin da Katunan 'Yan Wasa a Jihar Kebbi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan dawowa a bakin masu tara kati, sitika, fosta da sauran kayan 'yan resilin da 'yan ƙwallo a Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri da Zuru. Galibin abin da ake samu a intanet kan wannan harka an rubuta shi ne don mutumin da shagon kati yake bayan gidansa, ɗakinsa da sanyi, aljihunsa da dala. Mu namu halin daban ne, da shi kuma aka auna amsoshin.

Wai me ake tarawa ne takamaimai?

Kashi biyu ne. Akwai abin da kamfani ya buga musamman don a tara, wato kati, sitika da albam ɗinta, 'yar tsanar ɗan kokawa, da kwafin bel ɗin zakara. Akwai kuma abin da ba don tarawa aka yi shi ba, daɗewa ce ta ba shi daraja: tikitin shiga filin wasa, tsohuwar mujalla, fostar da aka manna a ƙofar gidan kallo, kaset ɗin bidiyo na WrestleMania, babban wasan resilin na shekara-shekara, da ya sha hannu a unguwa. Kashi na farko kuɗi yake ci. Na biyu haƙuri yake ci da yawan tambaya, kuma shi ne wanda mu nan muka fi kusa da shi.

Resilin ai shiri ne, me zai sa babba ya tara kayansa?

Shiri ne, babu mai musu. An san wanda zai yi nasara kafin a hau dandali. Amma faɗuwar da ake yi ta gaske ce, karaya ta gaske ce, kuma tarihin abin yana nan a rubuce. An yi WrestleMania ta farko a 1985 a New York. A 1987 Hulk Hogan ya ɗaga Andre the Giant ya maka da ƙasa. Undertaker ya yi nasara sau 21 a jere a WrestleMania kafin Brock Lesnar ya kayar da shi a 2014, kuma duk wanda ya kalli wannan karawa a gidan kallo ya san yadda wurin ya yi tsit. Mai tarawa waɗannan lokuta yake adanawa. Wanda ya ce wasan yara ne, a tambaye shi ko ya jefar da rigar kulob ɗinsa.

Da me ya kamata in fara?

Da iyaka. Ka zaɓi ɗan wasa guda, ko shekara guda, ko gasa guda, ka tsaya a kai. Wanda ya ce komai yake tarawa, bayan shekara zai tarar da kwali cike da tarkace babu saiti ko ɗaya da ya kammala. Ga misalin iyaka mai kyau: sitikun Super Eagles na gasar cin kofin duniya kawai. Najeriya ta je a 1994, 1998, 2002, 2010, 2014 da 2018, saboda haka ka san inda aikin ya fara da inda ya tsaya. A ciki za ka haɗu da Rashidi Yekini, wanda ya ci wa ƙasar ƙwallonta ta farko a gasar a ragar Bulgeriya, da Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018.

Kafin ka sayi kati na farko, ka fara sayen abin da za ka zuba shi. Dubi amsar da ke kan adanawa a ƙasa, don yawancin asarar da ake yi a nan daga wurin ajiya take zuwa.

Mene ne bambancin sitika da kati? Su wane ne Panini da Topps?

Sitika siririya ce, bayanta da gam, an yi ta ne don a manna a gurbinta cikin albam. Kati kwali ne mai kauri, ba a manna shi, girmansa da aka saba inci biyu da rabi a faɗi, uku da rabi a tsawo. Sitikar da ba a ɓare bayanta ba, ita ta fi wadda aka manna daraja a wurin masu saye, ko da yake cikakken albam shi ma yana da nasa masoya.

Panini kamfanin Italiya ne daga garin Modena, an kafa shi a 1961, kuma tun gasar Meziko ta 1970 yake fitar da albam ɗin kofin duniya. Topps na Amurka ne. Shi ya buga katunan WWF, babban kamfanin resilin na Amurka da yanzu ake kira WWE, a 1985, ya riƙe lasisin WWE daga 2005 zuwa 2021, Panini ya karɓa a 2022, daga baya lasisin ya sake komawa hannun Topps. Sanin waɗannan shekaru ba don burga ba ne, makami ne na gane ƙarya, kamar yadda za ka gani a amsar jabu.

A ina ake samun waɗannan kaya a Kebbi?

Wurin 'yan gwanjo tukuna. Idan aka kwance dilar kayan wasan yara a babbar kasuwar Birnin Kebbi ko Jega, ba abin mamaki ba ne ka ga John Cena ko Rey Mysterio a cikin tulin motocin roba, hannu ɗaya ya goge, ana sayar da shi kuɗin kowace 'yar tsana. Ka ƙulla zumunci da mai dilar, ka bar masa lambarka, ka nuna masa hoton irin abin da kake nema. In ya kira ka, ka je, ko da abin bai yi maka ba ka sayi wani ɗan abu, don gobe ma ya kira. Kada kuma ka nuna zumuɗi a fuska lokacin tayi.

Na biyu, tsofaffin masu gidajen kallo da masu hayar kaset. Da yawa suna da buhunan kaset da fosta a sito, suna ganin shara ce. Na uku, 'yan uwa da ke zuwa Legas, Abuja ko ƙasar waje. Sauran kuma sai oda, wadda take da tata amsar a gaba.

Ta yaya zan gane jabu?

Ka fara da shekara. Kamfanin resilin ɗin ya sauya suna daga WWF zuwa WWE ne a 2002, bayan shari'a da ƙungiyar kare namun daji mai irin haruffan. Duk wanda ya miƙo maka abu mai tambarin WWE ya ce na 1990 ne, ka yi masa sallama. Haka 'yan tsana: kamfanin LJN ne ya yi su daga 1984 zuwa 1989, manya ne na roba zalla marasa gaɓa, Hasbro daga 1990 zuwa 1994, ƙanana masu motsi guda, Jakks Pacific daga 1996 zuwa 2009, Mattel daga 2010. Na asali yana da sunan kamfani da shekara a zane a jikinsa, a baya, a cinya ko a tafin ƙafa. Jabun da ya cika kasuwa ba shi da nauyi, fentin ido ya zarce, gaɓoɓinsa suna lilo.

A kati kuwa, ka ɗauki hoton rubutun baƙi da wayarka ka zuƙo shi sosai. A katin asali gefen harafin yana fita tas. A wanda aka kwafa da injin buga takarda za ka ga ɗige-ɗigen launi sun cika harafin. Ka duba kaurin kwalin daga gefe, ka haɗa shi da wani katin da ka tabbatar da shi daga saiti ɗaya. Launin baya yakan tona asiri fiye da na gaba, domin masu kwafi gaba suke ƙawatawa.

Araha mai yawa ita ma shaida ce. Wanda ya san darajar kati har ya iya faɗa maka cewa ana sayensa dala dubu a Amurka, ba zai sallama maka shi kuɗin buhun shinkafa ba.

Me ake nufi da katin farko, mai lamba, da mai ƙyalle?

Katin farko shi ne wanda aka fara buga wa ɗan wasa a babban saiti, kuma shi masu tarawa suka fi bi. A resilin, saitin Wrestling All Stars na 1982 ya yi suna saboda yana ɗauke da Hulk Hogan, Andre the Giant da Ric Flair tun kafin katunan WWF su fito. Kati mai lamba shi ne wanda aka buga masa adadi, misali 23/99, ma'ana 99 ne kacal aka yi, naka ne na 23. Mai ƙyalle kuma an yanko ɗan guntun riga ko shimfiɗar dandali an cusa a ciki. Ka karanta bayansa da kyau, don wani zai ce an sa rigar a wasa, wani kuma zai ce ƙyallen bai da alaƙa da kowane wasa.

Sa hannu shi ya fi komai sauƙin kwaikwayo. Wanda kamfani ya fitar a cikin fakiti yana da rubutun tabbaci a baya. Wanda aka ce "wani ne ya haɗu da shi a filin jirgi", ka saye shi kuɗin katin da babu sa hannu, in ba haka ba ka bari.

Ina ganin ana rubuta PSA 9, PSA 10. Mene ne wannan?

Maki ne. Akwai kamfanoni a Amurka da ake aika musu kati su tantance shi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri da lambar shaida. PSA, wanda ya fara a 1991, shi ya fi shahara, sai Beckett da SGC da CGC. Abubuwa huɗu suke dubawa: ko hoton ya zauna a tsakiya, kaifin kusurwoyi, gefe, da fuskar katin. Ɗan farin da ya fito a kusurwa guda ya isa ya sauko da kati daga 10.

Ga mutumin Kebbi, aika kati a yi masa maki ba kasafai yake biyan kansa ba. Kuɗin aikawa, kuɗin makin, kuɗin dawowa, duk da dala, ga fargabar ɓata a hanya. In za ka sayi wanda aka riga aka rufe, ka shigar da lambar shaidar a shafin kamfanin, ka ga ko hoto da bayanin sun yi daidai da abin da ke hannunka, don robar ma ana yin jabunta.

Yaya zan adana su a wannan zafi da ƙura?

Nan ne aikin yake. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ɗakin kwano mara silin kuwa ya fi haka. Zafi yana sa robar 'yan tsana ta yi danƙo, gam ɗin sitika ya saki, hasken rana kuma ya cinye jan launi cikin 'yan watanni. Da hunturu ƙura tana shiga ko'ina, kuma ita ce take karce fuskar kati mai sheƙi idan aka goge shi da riga. Da damina sai raɓa, musamman a garuruwan bakin ruwa kamar Yawuri da Argungu. Katunan masu ƙyalli suna lanƙwashewa idan iska ta sauya daga laima zuwa bushewa. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera.

Kowane kati ya shiga 'yar ledarsa mai laushi, masu tsada a ƙara musu gidan roba mai tauri, sauran su shiga fayil mai aljihu tara a shafi. A zuba a akwatin roba mai murfi, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na waya, a ɗora a kan kanta, nesa da ƙasa da bango, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada a ɗaure kati da kyauro, yana cin gefe. Kaset a jera shi a tsaye, nesa da sifika saboda maganaɗisu. Fosta a naɗe ta, kada a ninke.

Sai babban kashedi: kada ka kai kati a yi masa laminatin. Mun saba da yi wa takardun makaranta da katin shaida haka, shi ya sa hannu yake saurin kaiwa. Katin da aka narka wa leda ya tashi daga aiki a wurin duk wani mai saye, kuma ba a iya cirewa.

Sayen fakiti a rufe ba caca ba ce?

Tambaya ce da ta cancanci a kai wa malami, kuma yadda ka kwatanta masa abin shi zai sa ya ba ka amsa daidai. Fakitin sitika na kofin duniya, ka san adadin da ke ciki, ka san kuɗinsa, ba ka dai san fuskokin ba. Akwai kuma wata harka da ta yaɗu a intanet: mutane da yawa su haɗa kuɗi, kowa ya sayi gurbi, a buɗe kwali a gaban kyamara, wani ya tashi da kati mai tsada, wani ya tashi hannu rabbana. Wannan na biyun kamanninsa da caca a fili suke, kuma ni ba na ba kowa shawarar shigarsa.

Ko an ajiye hukunci gefe, lissafi ma bai goyi bayan fakiti ba. Albam ɗin Rasha 2018 yana da gurbi 682, fakiti kuma sitika biyar. Ko da ba ka taɓa samun maimai ba, sai ka sayi fakiti 137, kuma maimai dole ne, yana ƙaruwa yadda albam ke cika. Sayen wanda kake so kai tsaye, ko musaya, ya fi araha, babu kuma garari a ciki tunda ka ga abin da ka biya.

Ya batun ajiye hotuna da 'yan tsana a gida?

Malamai sun yi bayani, kuma akwai saɓani. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne bambanta sura mai inuwa, wato mai jiki cikakke, da hoton da ke kan takarda. Ta farko ce aka tsananta a kanta, tare da rangwame ga abin wasan yara. Shi ya sa wasu masu tarawa a nan suka tsaya a kan kati da tikiti da mujalla, suka bar 'yan tsana. Wasu kuma komai nasu yana rufe a akwati, ba sa jerawa a falo ko ɗakin da ake salla. Katunan da shigarsu ta bayyana tsiraici, wannan ba ya buƙatar dogon nazari. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi, ka kuma duba ra'ayin mahaifi ko maigidan da kake zaune a ƙarƙashinsa.

Gaskiya ne ana kuɗancewa da wannan harka?

Labaran gaskiya ne. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na 1952, ɗan wasan baseball na Amurka, dala miliyan 12.6. A shekarar ce kuma katin Pele na 1958 ya haura dala miliyan ɗaya. Sai dai waɗannan katuna ne ƙalilan da suka tsira cikin kyakkyawan yanayi, aka yi gwanjonsu a gaban attajirai. Tsufa kaɗai ba daraja ba ce: daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kamfanoni sun yi ta buga kati babu ƙaƙƙautawa, yawancinsu har yau ba su da wani kuɗi.

A Birnin Kebbi kuma wa zai saya? Kasuwar ba ta kafu ba. In kana son sanin kuɗin kati, kada ka duba abin da masu sayarwa suka rubuta a eBay, kasuwar gwanjo ta intanet, ka duba jerin waɗanda aka riga aka sayar, sannan ka cire kuɗin aikawa da la'ada. Mai neman jari ya sayi tunkiya ya yi kiwo. Kuɗin tarawa ya fito daga rarar aljihu, kada ya fito daga cefane ko adashe.

In zan yi oda daga waje ko daga Legas, me zan kiyaye?

Ka nemi lambar bin sawun kaya, ka yarda ka biya ƙarinta. Ka tambayi bankinka ko katinka yana biya a waje da kuma iyakarsa, ka sa kuɗin kwastam a lissafi tun farko. Tara oda ta zama ƙunshi ɗaya ya fi aika kati ɗaya-ɗaya, shi ya sa abokai uku ko huɗu sukan haɗa. Ka roƙi mai sayarwa ya sa katin tsakanin kwali biyu masu tauri cikin leda.

A cikin gida, wanda ba ka sani ba kada ka tura masa kuɗi duka. Ka sa ya ɗauki bidiyon katin gaba da baya, tare da takarda mai sunanka da kwanan wata. In ta mota za a aiko, ka karɓi lambar direba, a kuma rubuta cewa ba a ɗora kaya a kai.

Bel ɗin zakara fa, wanne ne na gaske?

Na roba na yara ne. Kwafin da WWE ke sayarwa yana da farantan ƙarfe masu nauyi da tambarin lasisi a baya. Akwai kuma wanda maƙera ke yi ba da lasisi ba, wani ma da kyansa, babu laifi a saya in an faɗa maka gaskiyar abin da yake. Wanda ɗan kokawa ya ɗaura a dandali ba ya yawo a kasuwa.

Akwai 'yan Najeriya da zan iya tara kayansu?

Akwai. Omos da Oba Femi duk haifaffun Legas ne, Oba Femi ya ci kambun NXT, reshen WWE na masu tasowa, a farkon 2025. Apollo Crews, wanda asalinsa ɗan Binuwai ne, ya ci kambun Intercontinental a WrestleMania ta 2021. Daga maƙwabta akwai Kofi Kingston haifaffen Gana, zakaran WWE a 2019. Katunansu na yau da kullum ba su da tsada. Na da kuwa, irin su Power Mike da Power Uti, sai dai a tsofaffin jaridu da fosta, kuma samun waɗannan ya fi samun katin Amurka wuya.

Kokawarmu ta gargajiya da dambe ba su shiga ciki ba?

Sun shiga, a ganina ma su suka fi cancanta. Katin ɗan resilin Roman Reigns an buga dubbai, ko naka ya lalace duniya ba ta rasa komai ba. Amma takardar shirin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma ake kokawa da dambe a cikinsa, kwafi nawa suka rage? Hotunan kokawar bikin Uhola a Zuru, fostar dambe da aka manna a tasha, kaset ɗin rediyo na karawar su Shago, kalandar gasar takobi ta Nijar da ake shigowa da ita ta Kamba mai hoton Issaka Issaka na Dosso, babu kamfanin da zai sake buga su.

In ka samu irin wannan, ka rubuta a wata takarda daban wanda ya ba ka, garin, shekarar, da sunayen waɗanda ke cikin hoton tun masu ganewa suna raye. Kada ka rubuta a bayan hoton da biro. Tsohon da ya ƙi sayar da hotonsa, ka roƙi izinin ɗauka da waya. Laya, kambu da sauran kayan jikin ɗan dambe kuwa na iyalinsa ne, ba a matsa musu.

Katina ya jiƙe ko ya lanƙwashe, in goge shi da dutsen guga?

A'a. Zafin guga yana narka sheƙin fuskar, ya bar tabo. In ya jiƙe, ka shimfiɗa shi tsakanin farar takarda biyu marasa rubutu, ka ɗora littafi mai nauyi, kana sauya takardar har ya bushe a inuwa. Lanƙwasa mara karaya takan miƙe idan ya kwana biyu a gidan roba mai tauri. Karaya ba ta gyaruwa. Kada ka cike farin kusurwa da alƙalamin maka, kada ka datse gefe da reza don ya yi kaifi, masu tantancewa suna ganewa, kuma a wurinsu katin da aka taɓa ya fi mai rauni faɗuwa. Ranar da za ka sayar ko ka yi musaya, ka faɗi aibin kafin a tambaye ka.